Baƙo Ya Kwanta Bisa Amana: Kurakuran Da Ke Mayar Da Otal Makabarta A Yankunan Bala'i

Da ƙarfe 4:17 na asubahin Litinin, 6 ga Fabrairu, 2023, girgizar ƙasa mai ƙarfin maki 7.8 ta afka wa kudancin Turkiyya da arewacin Siriya. A Turkiyya kaɗai sama da mutum 53,000 suka rasu. Cikin dubban gine-ginen da suka rufta akwai otal ɗin Grand Isias na birnin Adiyaman, inda mutum 72 suka mutu. Daga cikinsu akwai tawagar wata makaranta ta garin Famagusta da ke arewacin tsibirin Saifurus, ɗalibai da malamai da iyaye, waɗanda suka zo gasar ƙwallon raga. Su 39 suka sauka a otal ɗin, huɗu kacal suka fita da rai. Akwai kuma ayarin masu yi wa 'yan yawon buɗe ido jagora da suka zo samun horo. Da aka je kotu, mai otal ɗin ya ɗora laifin a kan ƙarfin girgizar. Masu gabatar da ƙara kuwa suka ce an fara ginin ne a matsayin gidan zama, aka mayar da shi otal a 2001, aka ƙara masa hawa ɗaya ba bisa ƙa'ida ba a 2016, sannan binciken masana ya gano yashi da tsakuwar kogi a cikin kankaren ginshiƙansa. A watan Disamba na 2024 kotu ta ɗaure mai otal ɗin da mai zanen ginin shekara 18 da wata biyar kowannensu.

Wannan shari'a ta fito da abin da ya kamata duk mai niyyar gina masaukin baƙi a yankin da bala'i ke yawan afka wa ya riƙe. Girgizar ƙasa da ambaliya da guguwa suna zuwa a ranar da suka zo, amma yawan gawar da za a fitar daga otal an riga an yanke shi shekaru kafin wannan rana: lokacin da aka zaɓi fili, lokacin da aka zuba kankare, lokacin da aka ƙara ɗakuna, da lokacin da wani jami'i ya sa hannu a takardar da bai kamata ya sa wa hannu ba. Kurakuran ba sababbi ba ne, injiniyoyi sun san su tun da daɗewa. Abin da ke sa a yi ta maimaita su shi ne, wanda ke cin ribar rage kuɗin gini daban, wanda ginin zai faɗo wa daban. Muddin ba a toshe wannan giɓi ba, ilimin injiniya shi kaɗai ba zai ceci kowa ba.

Abin da ya raba otal da gida

Mai gida ya san gidansa. Ya san bangon da ya tsage, ya san inda ruwa ke taruwa da damina, ko cikin duhu zai iya lalubo ƙofa. Baƙon otal bai san ko ɗaya daga cikin waɗannan ba. Sau da yawa da dare ya iso, a gajiye, lif ya kai shi hawa na shida, bai ga matakala ba balle ya san inda take ɓullewa. Wataƙila ba ya jin harshen ƙasar, bai taɓa jin ƙarar jiniyar gargaɗi ta garin ba, bai san cewa janyewar teku daga gaɓa alama ce ta mutuwa ba. Abin da ya gani kafin ya biya kuɗi hotuna ne a intanet: gado mai laushi, wurin ninƙaya, taurari huɗu a jikin allo. Babu tauraro ko ɗaya a cikinsu da ke ba da labarin yawan rodin da ke cikin ginshiƙi. Ga shi kuma otal yana tara ɗaruruwan irin waɗannan mutane a ƙarƙashin rufi ɗaya, a sa'o'in da suke barci. Bayan bala'i ma otal ake nema: can ma'aikatan agaji da likitoci da 'yan jarida ke sauka, can ake tsugunar da waɗanda suka rasa muhalli. A girgizar ƙasar Haiti ta 12 ga Janairu, 2010, otal ɗin Christopher, wanda tawagar Majalisar Ɗinkin Duniya ta mayar hedikwatarta, ya rufta ya kashe shugaban tawagar da ma'aikata masu yawa, a daidai lokacin da aka fi bukatarsu. Saboda haka ma'aunin da za a auna otal da shi ya fi kusa da na asibiti da makaranta fiye da na gidan haya.

Kuskure na farko: fili

Kuskuren da ya fi kowanne wuyar gyarawa shi ne na wurin da aka kafa ginin, kuma shi ne ya fi jan hankalin mai zuba jari, domin abin da ke ƙawata wuri sau da yawa shi ne haɗarinsa. Bakin teku, gindin dutse, gaɓar kogi: nan baƙo ke son buɗe taga ya gani, nan kuma ruwa da ƙasa ke bi idan sun tashi. Otal ɗin Rigopiano da ke yankin Abruzzo na Italiya yana zaune ne a bakin wani kwazazzabo a gindin tsaunin Gran Sasso, a kan tarin ƙasa da duwatsun da suka gangaro daga sama a zamanin baya. Wato filin da kansa shaida ne na abin da ke saukowa ta wannan hanya. A ranar 18 ga Janairu, 2017, bayan kwanaki ana zubar dusar ƙanƙara da jerin girgizar ƙasa a yankin, dusar ta zaftaro ta binne otal ɗin. Mutum 40 ke wurin, 29 suka mutu. Baƙin sun riga sun haɗa kayansu suna jiran tafiya, amma hanyar da za ta fitar da su ta toshe, motar share dusa ba ta iso ba, duk da cewa hukumar otal ɗin ta aika wa mahukunta saƙon neman agaji sa'o'i kafin abin ya faru. Tun 1992 dokar yankin ta tanadi a zana taswirar wuraren da ke da haɗarin irin wannan zaftarewa, amma har ranar ba a kammala ta ba.

Darasin Rigopiano biyu ne. Na ɗaya, ƙasa tana ajiye tarihinta, kuma mai binciken ƙasa zai iya karanta shi kafin a haƙa harsashi: ko wurin tsohuwar hanyar ruwa ce, ko fadama ce da aka cike, ko yashi ne jiƙaƙƙe da zai narke ya zama taɓo idan ƙasa ta motsa, kamar yadda aka gani a birnin Palu na Indonesiya a watan Satumba na 2018, inda unguwanni suka nutse cikin ƙasarsu. Na biyu, fili bai tsaya ga inda katanga ta kewaye ba, ya haɗa da hanyar da ke kai wa gare shi. Otal mai hanya ɗaya tilo, wadda ruwa ko dusa ko zaftarewar ƙasa ke iya yankewa, ya zama tarko ko da ginin nasa ya tsaya. A gaɓar Khao Lak ta ƙasar Tailan kuwa, lokacin igiyar ruwan tsunami ta 26 ga Disamba, 2004, an jera ƙananan ɗakunan baƙi a kan shimfiɗaɗɗiyar ƙasa dab da teku, tudu yana da nisa, benayen da za a haye kaɗan ne. Lardin Phang Nga, inda Khao Lak take, shi ya fi kowane lardi asarar rayuka a ƙasar, kuma kusan rabin mutanen da aka tabbatar sun mutu a Tailan baƙi ne daga ƙasashen waje. Inda babu tudu kusa, dole ginin kansa ya zama tudu: bene mai ƙarfi da matakala a buɗe da kowa zai iya hawa cikin 'yan mintuna, da tazara mai ma'ana tsakanin ɗakin kwana da bakin ruwa.

Kuskure na biyu: ginin da aka ɗora wa abin da ba nasa ba

Otal kasuwanci ne da ake lissafa ribarsa da yawan ɗakuna, don haka da zarar kasuwa ta buɗe, zuciyar mai shi takan karkata ga ƙarin hawa. Matsalar ita ce harsashi da ginshiƙai an lissafa su ne don ɗaukar wani nauyi sananne. Otal ɗin Royal Plaza na birnin Nakhon Ratchasima a Tailan hawa uku ne da farko, aka ƙara masa uku a 1990 ba tare da an ƙarfafa ginshiƙan ƙasa yadda ya dace ba. Ranar 13 ga Agusta, 1993, ya rufta cikin daƙiƙoƙi, mutum 137 suka mutu. Otal ɗin Xinjia na birnin Quanzhou a ƙasar Sin gini ne mai hawa huɗu da aka cusa wa ƙarin dabe har ya zama bakwai, ya rushe ranar 7 ga Maris, 2020, lokacin da ake killace mutane a cikinsa saboda cutar korona, ya kashe 29. Babu girgizar ƙasa a ko ɗaya daga cikin waɗannan biyun, nauyin kansu ne ya kayar da su. To ina ga ginin da aka yi wa irin wannan lodi a yankin da ƙasa ke motsi? Girgiza tana tura gini ne gefe da gefe, kuma gwargwadon nauyin da ke sama, gwargwadon ƙarfin da zai murɗe ginshiƙan ƙasa. Haka nan mayar da gidan zama otal ba fenti da sabbin labule ba ne kawai. Ana rushe bango, ana huda kankare don bututu, ana ɗora manyan tankunan ruwa da na'urorin sanyaya ɗaki a kan rufi. Kowane ɗaya daga cikinsu yana sauya lissafin ginin, kuma kowanne yana bukatar injiniya ya sake lissafi tun daga harsashi.

Akwai kuma wani rauni da ke cikin siffar otal ita kanta. Mai otal yana son faffaɗan zaure na karɓar baƙi mai dogon rufi, da ɗakin taro marar ginshiƙi a tsakiya, da shaguna masu gilashi, da wurin ajiye motoci, duk a hawan ƙasa. A saman wannan fili kuma sai a jera ɗakuna masu bango da yawa. Sakamakon shi ne sama ta yi tauri da nauyi, ƙasa ta yi laushi. Idan girgiza ta zo, duk lanƙwasar takan taru a hawan ƙasa har ginshiƙansa su karye, sauran benen ya zauna a kansa. Irin wannan aka gani a otal ɗin Marshal na birnin Hualien a Taiwan a watan Fabrairu na 2018, inda hawan ƙasa ya murƙushe. Maganin sananne ne: bangayen kankare masu rodi da ke tashi daga harsashi har rufi ba yankewa, da zobban rodi da aka ɗaure kurkusa a wuyan kowane ginshiƙi, da kankaren da aka gwada a ɗakin gwaji kafin a ci gaba da aiki. Tsakuwar kogi mai santsi da yashi mai datti ba sa kama siminti yadda fasasshen dutse ke kamawa. Duk waɗannan abubuwa ne da filasta da tayil ke rufewa, shi ya sa a nan ne ɗan kwangila marar tsoron Allah ke cin kasuwarsa, kuma shi ya sa binciken da aka yi bayan an gama gini bai kai rabin wanda aka yi ana cikin zuba kankare ba.

Kuskure na uku: shirya wa bala'i ɗaya a manta da ɗan'uwansa

Birnin Acapulco na ƙasar Meziko ya saba da girgizar ƙasa, kuma manyan otal-otal ɗinsa an gina ƙashinsu ne da wannan tunani. Ranar 25 ga Oktoba, 2023, guguwar Otis ta afka wa birnin, bayan da cikin kwana guda ta rikiɗe daga matsakaiciyar iska zuwa mataki na biyar, mafi ƙarfi a ma'aunin guguwa. Ginshiƙai sun tsaya, amma iska ta kwashe gilasai da bangayen allo marasa nauyi da silin, ta bar benaye tsirara. Hukumomi sun ce kusan kashi 80 cikin ɗari na otal-otal ɗin birnin sun lalace. Abin lura shi ne, bango marar nauyi alheri ne a lokacin girgiza, amma shi ne farkon abin da guguwa ke ɗauka. Wanda ya tambayi injiniya tambaya ɗaya, amsa ɗaya zai samu. Haka abin yake ga kayan aikin da ke riƙe da rayuwar otal. An saba ajiye janareta da allon wutar lantarki da famfunan ruwa a ƙarƙashin ƙasa ko a hawan farko, don kada su ci wurin da za a yi ɗaki. A yankin ambaliya kuwa nan ne ruwa ke fara shiga. Cikin minti kaɗan fitila ta mutu, lif ya tsaya, famfon kashe gobara ya daina aiki, wayoyi su mutu. Ɗaga waɗannan kaya sama da iyakar da ruwa ya taɓa kaiwa, tare da ƙarin tazara, yana cikin gyare-gyare mafi arha idan tun a takardar zane aka yi shi. Ƙarin tazarar kuwa wajibi ne, domin ɗumamar yanayi ta sa alƙaluman ruwan sama da na guguwa na shekarun baya sun daina zama abin dogaro su kaɗai.

Kuskure na huɗu: babu hanyar fita, babu mai nuna ta

Gini na iya tsayawa daram mutane su mutu a cikinsa. Gobarar otal ɗin Grand Kartal a wurin wasan zamiyar ƙanƙara na Kartalkaya, lardin Bolu na Turkiyya, ranar 21 ga Janairu, 2025, ta kashe mutum 78, da yawansu yara da suka zo hutun makaranta tare da iyayensu. Wutar ta tashi ne daga ɓangaren girki bayan ƙarfe uku na dare. Waɗanda suka tsira sun ce ba su ji ƙararrawa ba, hayaƙi ya cika lunguna, wasu suka ƙulla zannuwan gado suka sauko ta taga, wasu suka yi tsalle suka mutu. Katakon da aka yi wa ginin ado da shi ya taimaka wa wutar, 'yan kwana-kwana sun taso daga nesa a kan hanyar dutse cikin sanyi, bayan ginin kuma yana kan gangare inda motocinsu ba sa iya kaiwa. Gobara ba bala'in yanayi ba ce, amma darasin ɗaya ne: otal da ke nesa da agaji dole ya iya ceton kansa a sa'ar farko. Wannan na nufin matakala biyu aƙalla masu ƙofofin da ke tare hayaƙi, ƙararrawar da ake gwadawa, fitilun hanya masu batir, da ma'aikatan dare da suka san abin da za su yi ba tare da jiran umarnin manaja ba. Darajar sani ta bayyana a gaɓar Mai Khao ta tsibirin Phuket a 2004, inda wata yarinya 'yar Ingila mai shekara 10, da ta koyi alamomin tsunami a makaranta makonni biyu kafin nan, ta gane abin da teku ke yi, iyayenta suka sanar da ma'aikatan otal, aka kwashe mutane daga bakin ruwa. Tsakanin girgizar ƙasar da ta haddasa tsunamin da isowar igiyar Tailan akwai kimanin sa'o'i biyu. Abin da yarinya ta sani, babu uzurin da zai hana kowane mai gadi da mai karɓar baƙi a bakin teku ya sani.

Hujjojin masu ja

Hujja ta farko da ake kawowa ita ce ta ƙaddara da girman bala'i: girgiza mai maki 7.8, wadda wata mai maki 7.5 ta biyo bayanta cikin sa'o'i tara, wa zai iya da ita? Gaskiya ne akwai ƙarfin da babu ginin da zai fita daga cikinsa ba tabo. Amma dokokin gini na zamani ba su yi alkawarin gini ba zai tsage ba. Abin da suke nema shi ne kada ya rufta kafin mutane su fita. Kuma bambancin a bayyane yake. Girgizar Haiti ta 2010 mai maki 7.0 ta kashe mutane sama da dubu ɗari a yawancin ƙiyasin da aka yi, ta Chile kuwa, bayan makonni shida da 'yan kwanaki, mai maki 8.8, ta kashe ɗari biyar da 'yan kai. Taiwan ta rasa kimanin mutum 2,400 a girgizar 1999, ta tsaurara dokokinta da bincikenta, da wata babba ta sake afka wa Hualien a watan Afrilu na 2024, waɗanda suka mutu ba su kai 20 ba. Imani da ƙaddara bai taɓa sauke alhaki daga wuyan mai sakaci ba. Malaman fiƙihu tun da can sun tattauna hukuncin katangar da ta karkata: idan aka gargaɗi mai ita, ya samu damar gyarawa ya ƙi, ta faɗa a kan mutum, to lamuni yana kansa.

Hujja ta biyu ita ce tsada, kuma tana da nauyi, musamman ga ƙaramin ɗan kasuwa da ke gini da bashin banki mai ruwa. Sai dai a lissafin otal, ƙashin gini wani yanki ne kawai na abin da ake kashewa. Kuɗin fili da tayil da kayan ɗaki da na'urori suna cin kaso mai tsoka, kuma dukkansu a kan ginshiƙan nan suke zaune. Rahoton da Bankin Duniya ya fitar a 2019 a kan ababen more rayuwa a ƙasashe masu tasowa ya ƙiyasta cewa ƙarin kuɗin gina su da juriya kusan kashi uku ne cikin ɗari, kuma kowace dala ɗaya da aka kashe tana dawo da amfanin dala huɗu. Rahoton ya shafi hanyoyi da lantarki da ruwa ne, amma ma'anarsa ta hau kan otal: juriya tana da arha a takarda, tana da tsada bayan an gama gini, ta fi kowane lokaci tsada bayan rushewa. Wanda jarinsa bai kai ya gina hawa shida masu inganci ba, sai ya gina uku. Hujja ta uku ita ce ta abinci: garuruwa irin su Acapulco da Khao Lak da baƙi suke rayuwa, hana gini a bakin ruwa yanke wa talaka hanyar ci ne. Amsa ita ce ba a ce a bar yankunan ba. Japan da Chile suna cike da otal-otal a kan ƙasa mai motsi. Abin da ake cewa shi ne a ja baya inda ya kamata, a ɗaga sama inda ya kamata, a haƙura da 'yan filayen da babu dabarar da za ta amintar da su. Kuma idan otal ya rushe, masu shara da masu girki da direbobi ne ke fara rasa rai ko aiki, mai jari kuwa yakan samu inshora ko wata kadarar.

Hujja ta huɗu ta fi sauran wayo: ai akwai doka, kuma otal ɗin yana da lasisi. Turkiyya tana da ƙa'idojin gini masu kyau a rubuce. An sabunta su a 1998 da 2007 da 2018, kuma ƙasar ta ɗanɗana girgizar Izmit ta 1999 da ta kashe sama da mutum 17,000. Amma a wannan shekara ta 2018 gwamnati ta yi afuwar gine-gine, inda miliyoyin gine-ginen da suka saɓa ƙa'ida suka samu rajista bayan biyan kuɗi, aka bar alhakin ingancinsu a wuyan masu su. Bayan gobarar Kartalkaya kuma, ma'aikatar yawon buɗe ido da hukumar birnin Bolu suka yi ta jifan juna da tambayar wa ke da alhakin binciken. Takarda ba ta ɗaukar nauyin bene. A ɗaya gefen akwai garin Erzin na lardin Hatay, inda ba a samu ginin da ya rufta ba a 2023. Magajin garin ya danganta hakan da ƙin lamuntar ginin da ya saɓa doka, masana ƙasa kuma suka ƙara da cewa garin yana zaune a kan ƙasa mai ƙarfi. Ko wanne aka ɗauka, fili ne ko tsare doka, duka biyun a hannun mutane suke. Abin da ke aiki shi ne mai binciken da ba mai gini ke zaɓarsa ba, da bankin da ba zai saki kuɗi ba sai ya ga rahoton binciken ƙasa, da kamfanin inshorar da zai ƙi ginin da aka ƙara wa hawa a ɓoye, da hukuncin da zai hau kan jami'in da ya sa hannu kamar yadda ya hau kan mai otal.

In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta

Wannan magana ta shafe mu ta fuska biyu. 'Yan kasuwarmu da ɗalibanmu da marasa lafiyarmu suna kwana a otal-otal na Istanbul da Guangzhou da Alƙahira, alhazanmu suna kwana a na Makka da Madina, inda a watan Janairu na 2006 wani masaukin alhazai kusa da Harami ya rufta ya kashe mutum 76. Wakilan tafiye-tafiye da hukumomin alhazai da ke kama wa jama'a masauki suna da damar tambayar takardun ingancin gini da na kariyar gobara kafin su biya. Ta fuska ta biyu kuma, mu ma muna gini. Bala'inmu ba girgizar ƙasa ba ce a galibi, ruwa ne da iska da wuta. Ambaliyar 2022 ta kashe sama da mutum 600 a Najeriya, ɓallewar madatsar Alau a watan Satumba na 2024 ta nutsar da babban yanki na Maiduguri, kogin Kwara kuma ya sha shiga unguwannin Yamai. Duk da haka ana ci gaba da cike fadamu da hanyoyin ruwa ana dasa masaukai da ɗakunan biki a kai. Najeriya tana da kundin ƙa'idojin gini tun 2006, hukumomin NiMet da NIHSA kuma suna fitar da hasashen damina da na ambaliya duk shekara, ba a rasa bayani ba.

Kira a nan ga masu jari ne su biya kuɗin binciken ƙasa kafin su sayi fili, su ɗauki injiniya mai rajista su bar shi ya yi aikinsa, kada su ƙara ko hawa ɗaya sai an sake lissafi. Ga hukumomin tsara birane kuma, kada lasisin otal ya fito ko a sabunta shi sai wani mai bincike mai zaman kansa ya ga ginshiƙi da matakala da ƙararrawa da idonsa, ya sa sunansa a takarda. Shi kuma matafiyi, kafin ya kwanta a baƙon wuri, ya fita ya nemo matakala, ya tabbata ƙofarta ba a kulle take ba. Duk wanda ya karɓi kuɗin mutum don ya kwana a ƙarƙashin rufinsa ya karɓi amanar ransa, kuma za a tambaye shi a kanta, a kotu ko a gaban Allah.